Hatimin Kotun da Ban Yanka Ba

Kwanakin baya wani saurayi ya tsaya a gaban teburina yana kallo ina aiki, can ya ce, "Baba, ai yanzu kwamfuta ce ke yin wannan, kafin ka sha ruwa ta gama." Na miƙa masa reza da guntun roba, na ce ya fitar mini da harafi ɗaya tak, wanda ya ga dama. Bai kai ƙarshen lanƙwasa ta farko ba ya yanke yatsa. Don shi da ire-irensa nake son in faɗi yadda muka yi sana'ar hatimi a Suleja a zamanin da babu inji, kuma soja ke riƙe da ƙasa.

Sunana Isuhu. Na koyi aiki a wurin Baba Lasisi, Bayarabe mutumin Offa, wanda ya zauna a garin nan tun ba a aza tubali ɗaya a Abuja ba. Allon talla yake rubutawa, yana kuma yanka hatimi, wanda mutanen gari ke kira sitam. Kayan aikinmu duka aljihu ɗaya ya ishe su: reza da muke karyawa a karkace mu ɗaure a tsinke da zare, kamfas irin na 'yan makaranta don zana da'ira, fensir mai laushi, takarda shara-shara, ɗan madubi, gam, da soson tawada. Roba kuwa daga Kaduna ake kawo ta a falle-falle. In ta yanke, sai mu koma wurin masu gyaran takalmi mu sayi irin wadda suke yin tafin takalmi da ita.

Aikin farko da Baba ya sakar mini na wata makarantar Islamiyya ce daga Lambata. Ana fara zana rubutun a takarda, a kifa ta a kan roba, a murza da farce har zanen ya hau a juye. A juye kuma za ka yanka shi, harafi bayan harafi, kana karkata reza yadda gindin harafin zai fi samansa faɗi, in ba haka ba bugu kaɗan zai gutsure. Na wuni a kan aikin, na buga a takarda, na kai masa ina jin daɗi. Ya duba ya ce da irin Hausarsa, "Isuhu, wannan harafin ina ya nufa? Kowa ya fuskanci gabas, shi ya juya yamma." Ya jefa shi a kwata, ya ba ni sabuwar roba. A wannan sana'a ba a gyaran kuskure, sai dai a sake daga farko.

Doka ɗaya ce Baba bai taɓa sassautawa ba. Hatimin shago ko na ƙungiya, in mai shi ya zo da bakinsa, a yi masa. Amma na ofishin gwamnati, na asibiti, na banki ko na kotu, sai an zo da takarda daga ofishin, kuma sai ɗayanmu ya taka da ƙafarsa ya ji daga bakin mai ofishin. Ya kan ce wanda ya riƙe hatimin ofis ya riƙe ofishin ne, ko da bai taɓa shiga cikinsa ba.

Na buɗe nawa teburin a bakin titi, kusa da inda motocin Abuja ke lodi, daidai lokacin da gwamnati ta tare a can. Kasuwa ta buɗe. Duk wanda ya sayi jaka ya zama ɗan kwangila, kuma ɗan kwangila ba ya cika sai da hatimi. Ga coci-coci sababbi, ga ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya na mutanen kudu, ga matan adashi. Na yi wa ƙungiyar manoman ƙauyen Iku nasu, wanda shugabansu Baba Danjuma, dattijo ɗan Gbagyi, ya dage sai na sa hoton garma a tsakiya.

Akwai aikin wani kansila da ba na mantawa. Manomi ne daga wajen Gawu Babangida, an zaɓe shi a zaɓen ƙananan hukumomi, ya kawo takardarsa na tabbatar, na yanka. Kafin ya dawo karɓa, soja suka yi sanarwa a rediyo cewa an rushe duk wani zaɓaɓɓe, daga sama har ƙasa. Wannan a ƙarshen casa'in da uku ne, bayan an soke zaɓen shugaban ƙasa. Na ɗauka ba zan sake ganinsa ba. Sai ga shi ranar kasuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an ce babu majalisa."

Ya ce, "Na ji. Ba ni abina. Mutane ne suka yi layi a rana suka zaɓe ni, ba rediyo ba."

Ya sa a aljihu ya tafi. Daga nan hatimin da ake kawo mana ya sauya kama. Babu na shugaban ƙaramar hukuma, sai na kantoma. Babu na majalisa, sai na kwamiti kaza da kwamiti kaza, kowanne da soja ko ɗan sanda a ciki.

Shekarar da ta fi mini muni ita ce casa'in da biyar. Wata ranar Talata da hantsi, mota ta tsaya a gaban teburina, Alhaji Tukur ya fito. Dillalin filaye ne, kowa ya san shi, kuma na taɓa yi masa hatimin kamfaninsa. Muka gaisa, ya zauna a benci, ya zaro wata takardar kotu ya nuna mini hatimin da ke ƙasanta.

Ya ce, "Malam Isuhu, irin wannan nake so. Sak. Kada ɗigo ya bambanta."

Na duba. Hatimin kotun garin nan ne, wanda ake bugawa a kan umarnin alƙali. Takardar kuwa umarni ce da ta hana kowa taɓa gonakin Iku har sai an gama shari'a. Maganar ba ɓoyayya ba ce a gari: wani babban soja, wanda ba a kiran sunansa sai dai a ce Oga, yana son filin ya gina gidajen haya saboda ma'aikatan Abuja, manoman kuma sun kai ƙara.

Na ce, "Alhaji, na kotun ya lalace ne? Sai a kawo takarda daga can, in je in ji."

Ya yi dariya. "Kai ma ka san ba daga can na fito ba. Aikin Oga ne. Ka faɗi abin da kake so."

"Ba na yin na kotu sai kotu ta aiko."

"Wace kotu? Yanzu akwai kotun da ta wuce mai bindiga? Roba ce fa kawai za ka yanka, ba kai za ka buga ba."

Na ninke takardar na miƙa masa, na ce ya yi haƙuri. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya dubi ƙafafun teburina ya ce, "Wannan tebur naka kamar ya shigo titi." Ya shiga mota.

Na rufe aiki na tafi wurin Baba Lasisi. A lokacin idonsa ya yi rauni, ya daina yanka, sai dai ya zauna a ƙofar gida. Da ya ji, ya sa hula ya ce in riƙe masa hannu. Muka bi masu hatimin garin ɗaya bayan ɗaya muna gargaɗinsu kada su yanka, ba mu da yawa, kuma kusan duk ta hannunsa suka bi. Akwai wani ɗan Ibo a cikin tasha da ya ce ai Alhajin ya riga mu zuwa, shi kuwa ya ce masa rezarsa ta dakushe. Daga nan Baba ya ce sai mun sanar da kotu. Ma'aikacin da muka samu a ofishin rajista ya saurare mu yana waige-waige, ya ce, "Baba, ni ban ji komai ba, ku ma ba ku faɗa ba." Muka fito.

A ƙarshen makon motar kwamitin tsaftace gari ta zo, da soja biyu da 'yan sanda a baya. Layinmu akwai mai shayi, mai gyaran agogo, mai faci, duk a kan layi ɗaya muke. Teburina kaɗai aka ɗauka aka jefa a mota, aka ce in hau. Aka kai ni wani gida da suka mayar ofis, aka tura ni ɗakin baya inda na tarar da mutane a zaune a ƙasa, yawancinsu direbobi da 'yan tireda. Ba a rubuta sunana ba, ba a tambaye ni komai ba. Da na ce wa mai gadin mene ne laifina, ya ce da Turancin broka in jira wanda ya kawo ni.

Na yi makonni a wurin. Da safe a fito da mu mu share harabar mu wanke motoci, da rana a mayar da mu. Matata Hajara tana kawo abinci, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a kore ta. Alhaji Tukur ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin taga ya ce kayan aikina suna nan a ajiye, in na shirya sai in aika. Na ce masa na ji.

Abin da ya faru a waje, daga bakin Hajara da Baba Lasisi na ji shi daga baya. Hajara ta bi duk inda ake bi. Ta je wurin mai unguwa, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ta je wurin wani ɗan siyasa da muka sani, ya ce shi kansa yanzu a ɓoye yake kwana. Sai Baba Danjuma ya ji labari a kasuwa, ya zo har gida ya ce mata, "'Yata, saboda gonarmu aka kama mijinki. Taso mu je wurin lauyarmu."

Lauyar ita ce Barista Grace, 'yar kudu ce da ta tashi a Kaduna, tana haya a ɗaki biyu a saman wani kemis. Hajara ta ce mata ba ta da abin biyan lauya. Ta ce, "Maman yara, zauna tukuna. An kai shi kotu? An ba ki takarda? An faɗa miki laifinsa?" Duk Hajara ta ce a'a. Ta ce to wannan kaɗai ya isa ƙara. Ta shigar da ita a gaban alƙalin da ya ba da umarnin gonakin, wani Banufe mai sanyin magana da ake kira Alƙali Ndagi. Ya ba da umarni a kawo ni gabansa.

Ranar zaman ba a kawo ni ba. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce umarni ne daga sama.

Alƙali ya ce, "Daga wa?"

"Ranka ya daɗe, daga sama."

"Ban ƙi ba. Ko dokar da soja suka kafa ta tsare mutum, ta ce sai an rubuta an sa hannu. In da ita aka tsare shi, kawo mini takardar, ni kuma in cire hannuna, don dokar ta ɗaure ni. In babu, kawo mini mutumin."

Babu takarda, domin babu wanda ke son sunansa ya hau kanta. Aka ɗaga zama. Zama na biyu ma ba a kawo ni ba. A nan ne alƙali ya ce daga ranar, kowace safiya da ƙarata za a fara, kuma duk ƙarar da kwamitin nan ya kawo ba zai saurare ta ba sai an bi umarninsa. Haka kuwa aka yi. Da ya zauna, sai maga-takarda ya fita baranda ya ɗaga murya, "Isuhu mai hatimi!" Shiru. Alƙali ya rubuta, ya dubi mai gabatar da ƙara, ya tambaye shi takarda ko mutum. Shi kuma ya sunkuyar da kai. Sannan a shiga shari'o'in sauran jama'a, na kwamiti kuwa a tura su gefe.

Labari ya bazu. Masu hatimi suka riƙa rufe tebur suna zuwa. Manoman Iku suka riƙa sauka a mota tun da safe su cika benci. Mai shayin layinmu ya ce har mutanen da ba su san ni ba suna zuwa don su ji an kira sunan. Baba Lasisi bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba, yana zaune a gaba da sandarsa. An ce an yi wa alƙali waya daga Minna, an kuma aika masa mutane gida. Ban san abin da suka faɗa masa ba. Abin da kowa ya gani shi ne washegari ya zauna an sake kiran sunana.

Ana cikin haka aka sami wanda ya yanka musu hatimin a wani gari. Sai ga katafila a Iku, da 'yan sanda, da takarda mai cewa kotu ta janye umarninta. Lokacin doya ta fara yaɗo, dawa ta kai ƙugu. Kafin Baba Danjuma ya iso gari ya sami Barista Grace, kafin ita ta je rajista ta tabbatar babu wani umarni irin wannan, kafin ta dawo da ma'aikacin kotu da takardar gaskiya, an riga an baje kusan rabin gonakin. Baba Danjuma ya ce ma'aikacin kotun a kan babur ya zo, shi kaɗai, ya tsaya a gaban katafila ya karanta takardar da ƙarfi. Babban ɗan sandan da ke wurin ya karɓi takardun biyu ya duba, ya ga abin zai iya komawa kansa, ya ce wa direba ya kashe inji.

Bayan wannan riƙe ni ya zama musu kaya. Wata safiya aka kira ni, aka ce in wanke fuska, aka sa ni a bayan mota. Ina hawa matakalar kotu maga-takarda yana fitowa baranda. Ya buɗe baki ya kira sunan kamar yadda ya saba, na ce, "Na'am." Ya tsaya yana kallona, don bai taɓa ganina ba. Cikin ɗakin kuwa sai da alƙali ya buga tebur kafin a yi shiru.

Ya tambayi mai gabatar da ƙara ko akwai tuhuma. Ya ce an same ni da tare hanya. Alƙali ya ce a ina aka rubuta, wa ya kai ƙara, ina shaida. Babu. Ya ce, "Malam Isuhu, kotu ta sallame ka. Ka tafi gida."

Barista Grace ta same ni a waje ta ce akwai sauran magana. Tana son in dawo a shari'ar gonaki in faɗi abin da Alhaji Tukur ya nema a wurina. Ta ce, "Ba dole ba ne. Kuma ba zan ce maka babu haɗari ba." Hajara tana tsaye ta ce, "Malam, yanzu fa ka fito." Na ce mata alƙalin nan kullum sai ya sa an kira sunana ba na nan, yanzu da nake nan ba zan ƙi amsawa ba. Ranar shari'ar na tsaya na rantse, na faɗi ranar da ya zo, da takardar da ya nuna mini, da abin da ya ce, da abin da na ce. Lauyansu ya tambaye ni ko ina da shaida, na ce ɗan Ibon tasha yana waje, shi ma an je wurinsa. Aka shigo da shi ya faɗi nasa.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Alƙali ya soke takardar ƙarya, ya ce a binciki wanda ya yi ta, amma binciken bai je ko'ina ba. Alhaji Tukur ya bar gari na ɗan lokaci ya dawo ya ci gaba da harkarsa. Sunan Oga bai taɓa hawa takarda ba. Ɓangaren da aka baje, shari'arsa ta yi ta jan ƙafa har aka wayi gari an yi gini a kai. Ɗaya ɓangaren ya tsira, jikokin Baba Danjuma na nomansa, wasu sun gina nasu ɗakunan haya da hannunsu. Teburina da kayan aikina ban sake ganinsu ba. Na sayi tsohon ƙyaure wurin kafinta aka sa masa ƙafafu, Baba Lasisi ya ba ni kamfas ɗinsa da madubinsa. 'Yan kwangila da yawa suka daina zuwa wurina, don kada a gan su da ni. Har ƙarshen shekarar, aikin makarantu da na coci ne ya riƙe gidana.

Ba a jima da sallamata ba aka ji an yi wa Alƙali Ndagi canjin wurin aiki, zuwa wani gari can ƙarshen jiha inda ko lantarki babu. Ranar da zai tashi na je gidansa da rana. Na tarar ana loda katifu da buhunan littattafai a akori-kura, shi kuma yana tsaye da 'yar shara da silifas, har ban gane shi da farko ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne Isuhu, na zo godiya.

Ya ce, "Tashi, Malam Isuhu. Ban yi maka alfarma ba. Da sun kawo ka da tuhuma da shaida, da na ɗaure ka, kuma da ba ka zo nan ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, amma saboda ni aka ɗauke ka."

"Can ɗin ma akwai mutane, kuma suna da ƙara." Ya juya ya ce wa masu lodi su yi hankali da buhun littattafai, sannan ya dawo kaina. "Ranar Litinin sabon alƙali zai zauna. Ban san shi ba, ban san yadda zai yi ba. Amma in an sake ɗaukar ka, ko wani a layinku, kada ku tsaya neman wanda ya san wani. Ku je kotu ku shigar da ƙara. In kun daina zuwa, ba sai sun rufe ta ba."

Direba ya yi hon. Alƙali ya shiga gaba ya zauna a gefen direba, da fayil a cinya, motar ta fita ta bi hanyar Minna. Ni kuma na koma bakin titi, don akwai hatimin wata makarantar firamare da na yi alkawarin gamawa kafin la'asar.